Dara a Zangunan Ikko: Wasan da Ba a Rubuta Dokarsa Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan 'yan dara a wata unguwar Hausawa ta Ikko, ko Agege ce ko Idi-Araba ko Alaba Rago, zai lura da wani abu da ba a cika gani a garuruwan Arewa ba, watau kafin a dasa ɗa ko guda sai an yi ciniki a kan doka. Wannan ya ce a garinsu ba a jera huɗu, wancan ya ce a nasu ana jerawa amma ba a ci da su, 'yan kallo su tsoma baki, sai an tsayar da magana ɗaya kana hannu ya taɓa ƙasa. A ƙauye ba a bukatar haka, domin kuwa kowa ya tashi ya tarar da dokar dandalinsu, kuma bai taɓa zaton akwai wata ba. Zaman baƙunci ne ya tona wa dara asiri, ya nuna cewa abin da kowane gari ke ɗauka ita ce doka, ɗaya ce kawai daga cikin dokoki masu yawa. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda hakan ta faru, da kuma abin da ke shirin salwanta idan aka ci gaba da barin waɗannan dokoki a ka.

Da farko ya kamata a raba gardama a kan sunan. Bahaushe yana kiran wasanni biyu mabambanta da dara. Akwai mai gida goma sha biyu, shida a kowane gefe, wadda ake zuba 'ya'ya hurhuɗu a kowane gida, a riƙa kwasa ana rabawa ɗaya bayan ɗaya ana zagayawa. Wannan an fi saninta a cikin gida, tsakanin mata da yara, kuma 'yar'uwar ayo ce ta Yarbawa da oware ta mutanen Gana. A irin da ake ci idan gida ya cika huɗu, bayan an gama zagaye kowa yakan mayar da abin da ya samu cikin gidajensa, wanda ya samu rara sai ya mallaki gidan abokin wasansa. A ganina daga nan ne aka samo maganar nan ta "dara ta ci gida". Ta biyun kuwa ita ce ta manyan maza, mai gurbi talatin, wadda ake haƙawa a ƙasa a gindin bishiya ko a bakin rumfa, kuma ita ce za a fi mayar da hankali a kanta a nan.

Tsarinta a baki mai sauƙi ne. Ana haƙa gurabe sahu biyar, kowane sahu gurbi shida. Mutum biyu ne ke karawa, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya ya riƙi duwatsu ɗaya ya riƙi guntayen kara ko tsinke, don kada a rikita. Wasan kashi biyu ne. A kashi na farko ana dasa 'ya'yan ne bi da bi, kowa ya sa ɗaya a gurbin da ya ga dama har su ƙare. A kashi na biyu sai a fara tafiya, ɗa ya matsa gurbi ɗaya gaba ko baya ko dama ko hagu, ba ya tafiya a karkace, ba ya kuma tsallake wani. Duk wanda ya jera 'ya'yansa uku a miƙe ya ci, sai ya ɗauke ɗa guda na abokin karawarsa. Wanda 'ya'yansa suka ragu har ba zai iya jera uku ba, an cinye shi.

Mai karatu zai iya yin ɗan lissafi ya ga inda wahalar take. Gurbi talatin ne, 'ya'ya 24, saboda haka lokacin da aka gama dashe gurabe shida kacal suka rage babu kowa. A wannan fage akwai wurare 38 da za a iya jera uku, 20 a kwance, 18 a tsaye, amma ƙuncin wuri ya sa mafi yawansu a toshe suke tun kafin a fara motsi. Wannan ne ya sa gwanaye ke cewa a wurin dashe ake cin dara, tafiyar da ke biyo baya girbi ce kurum. Abin da kowane gwani ke nema tun daga ɗan farko shi ne ya kafa doki, watau 'ya'ya biyu a sahu ɗaya, biyu a sahun da ke maƙwabtaka da shi, na biyar kuma yana kai da komo a tsakaninsu, in ya hau ya cika uku, in ya sauko ya cika uku, kowane motsi ci ne. Wanda aka kafa wa doki bai sami hanyar karya shi ba, sai dai ya zauna yana kallon 'ya'yansa suna ƙarewa. Muhimmancin wannan tsari ya kai har akwai rubuce-rubucen da suka kira wasan gaba ɗaya da sunan doki.

To, a nan ne bambance-bambancen suke shigowa, kuma kowanne daga cikinsu yana sauya wasan fiye da yadda mai kallo zai zata. Akwai masu faɗaɗa fagen ya zama sahu shida na gurbi bakwai-bakwai, watau 42, 'ya'yan kuwa suna nan 24. Guraben da ba kowa sun tashi daga shida zuwa 18, wuraren jera uku sun tashi daga 38 zuwa 58. Darar gurbi talatin wasan toshewa ce da haƙuri, ta gurbi 42 kuwa wasan tsere ce, wanda ya saba da ɗaya yakan sha kunya a ɗayar. Akwai kuma batun jera uku a lokacin dashe: wasu sun haramta shi ɗungurum, wasu sun yarda a jera amma ba a ci da shi sai an buɗe an sake rufewa. Haka batun huɗu. Kowa ya yarda huɗu ba sa ci, amma wasu na ganin motsin da zai haifar da huɗu haramun ne, ba a ma yin sa, alhali wasu na ƙyale shi. Wanda ya yarda da jera huɗu ya sami wata dabara, domin yana iya janye na gefe ya bar uku a jere, sai kuma wata gardamar ta tashi: shin wannan ukun da aka samu ta hanyar janyewa ci ne ko ba ci ba ne?

Babbar gardamar dai ita ce ta wane ɗa ake ɗauka idan an ci. Wasu sun ce kowanne, wasu sun ce ban da wanda ke cikin jerin uku da ya riga ya tsaya. A duba yadda wannan ke shafar doki. Idan kowane ɗa halal ne, wanda aka matsa wa, da zarar ya sami ci guda sai ya ɗauke ɗan nan mai kai da komo, ya bar mai doki da biyu nan biyu can, ba abin da za su tsinana. Idan kuwa jerin uku yana da kariya, dole ya ɗauka daga biyun da ke jira, mai doki ya tsira da ukunsa, ya ci gaba da buɗewa da rufewa yana ci duk bayan motsi biyu. Doka ta farko tana bai wa mai rauni damar farfaɗowa, ta biyu tana ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi. Ni dai na fi son ta farko, don wasan da ake sanin ƙarshensa tun daga tsakiya ba ya riƙe 'yan kallo, kuma dara ba 'yan kallo kamar tuwo ne ba miya.

Dalilin yawan waɗannan dokoki shi ne dara ba ta Hausawa ce su kaɗai ba. Zabarmawa na yin ta suna kiranta dili, Dakarkari na ƙasar Zuru sun shahara da ita, ana kuma yin ta a Mali da Burkina Faso da sunaye daban-daban. Duk inda ayarin fatake ya yada zango, akwai ƙasa akwai tsakuwa, ba sai an ɗauko wani kaya ba. Wasan da ba shi da nauyi a mangala yakan yi nisan tafiya, kuma a kowane zango yakan ɗauki wani abu ya ajiye wani.

Wannan ya kawo mu ga yadda ta iso bakin teku. Hausawa sun daɗe a Ikko, wasu ta hanyar fatauci wasu ta hanyar bauta. A 1863 ne John Glover, jami'in Ingila da ke riƙe da mulkin Ikko, ya kafa rundunarsa ta Hausawa, wadda daga gare ta ake lissafa asalin sojan Nijeriya, kuma unguwar Obalende tana da alaƙa da zaman waɗannan sojoji. Sai dai abin da ya cika zangunan da jama'a shi ne goro da jirgin ƙasa. A da, goro daga Gwanja yake fitowa, ayari ya ɗauko shi daga kasuwar Salaga ya yi watanni kafin ya kai Kano. Bayan Turawan Ingila sun ci Asante da yaƙi a 1874 sai harkar Salaga ta fara lalacewa, fatake suka koma ɗauko goro ta jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko. Alhasan Ɗantata na cikin waɗanda suka bi wannan hanya kafin ya koma Kano ya shiga cinikin gyaɗa. Da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Manoman Yarbawa kuma suka shiga dasa irin goron da Bahaushe ke so a kewayen Agege da Otta, har yau suna kiransa gbanja, sunan da ba a bukatar tafinta kafin a gane daga Gwanja ya fito. Tashar jirgin Agege ta zama wurin ɗaure huhu da lodi, zango ya kafu a gefenta, Kanawa da Katsinawa da Sakkwatawa da Zabarmawa suka zauna rumfa ɗaya.

Alaba Rago ta zo daga baya. Tana ƙaramar hukumar Ojo a kan babbar hanyar Badagry, kusa da babbar kasuwar Alaba da kuma Jami'ar Jihar Legas wadda aka kafa a 1983. Sunan kansa rabinsa na masu ƙasa ne rabinsa na baƙi, domin ragon da ke cikinsa ragon Bahaushe ne. Kasuwar dabbobi da kayan abinci ce, irin sana'ar da ke tattare da dogon jira: a jira motar da ta taso daga Illela ko Maigatari ko Jibiya, a jira mai saye, a jira Babbar Salla ta gabato. Wanda ke jira kuwa shi ne abokin dara na asali. Kuma da yake hanyoyin dabbobin sun ratsa har cikin Nijar, mutanen Maraɗi da Tawa da Dosso sun zo da tasu dokar sun tarar da ta mutanen Kano da Zariya.

Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda cinikin goro da shanu ya tsaya a kan amana, maigida ya saukar da baƙo, ya tsaya masa, a ba da kaya bashi ba tare da takarda ba, shaidar jama'a ita ce rasiɗi. Ina ganin da wannan idon ya kamata a dubi cinikin dokar da ake yi kafin a fara dara. Mutanen da suka saba ƙulla cinikin garken shanu da baki ba za su kasa ƙulla sharaɗin wasa da baki ba, kuma hanyar ɗaya ce: a faɗi sharaɗi a gaban mutane, baƙo ya bi na mai wuri, wanda ya sauya magana a tsakiyar wasa a shaide shi. Mutumin da aka sani da mayar da ɗa bayan ya sake shi, ko da ƙirƙiro dokar garinsu daidai lokacin da aka matsa masa, labarinsa ba ya tsayawa a gindin bishiya.

A Ikko dara ta tarar da kishiyoyi. Ta farko ita ce ayo, mai gida goma sha biyu da 'ya'ya 48, wadda Yarbawa ke sassaƙa wa katako na musamman, manyan maza ke yin ta a fili da tsokana da kirari. Bahaushen da ya ɗauka wasan mata ne ya zauna da gadara, nan da nan yake gane kurensa, domin a dokar da aka fi sani ba a jiran huɗu, ana ci ne idan ɗan ƙarshe ya faɗa gidan abokin karawa ya mayar da shi biyu ko uku, kuma gwani yakan tara 'ya'ya masu yawa a gida ɗaya ya sake su lokaci guda su share sahu. Ta biyu ita ce daraf, wadda ta zo da Turawa amma ta zama 'yar gida, allo mai gida ɗari, kowa da 'ya'ya ashirin, sau da yawa marafan kwalba ne, mutum biyu a kan benci allon a kan gwiwoyinsu. Ita ma dokar bakin titi ta saɓa wa ta gasar duniya. A gasa wajibi ne mutum ya bi hanyar da ta fi yawan ci, a titi da yawa sukan bar masa zaɓi, kuma a wasu wuraren har yanzu ana hukunta wanda bai ga ci ba ta hanyar ɗauke masa ɗan, dokar da gasar duniya ta daɗe da yarwa. Afirka ta Yamma ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin Baba Sy na Senegal ya kai matsayin zakaran duniya na 1963, ko da yake sai bayan rasuwarsa aka tabbatar masa da kambin.

Ludo da Whot kuwa samari suka fi ɗauka. Ludo daga wasan pachisi na Indiya aka samo shi, aka yi masa rajista a Ingila a 1896. Whot ma ɗan Ingila ne na shekarun 1930, amma abin da ya sa ya yi daɗi a nan, watau mai lamba biyu ya sa a ɗauki biyu, mai lamba takwas ya tsallake mutum, mai lamba 14 ya tura kowa kasuwa, armashi ne da 'yan Nijeriya suka saba da shi, kuma shi ma sai an yi sharaɗi kafin a raba, musamman a kan ko ana tare biyu da biyu. Bambancin da ke akwai shi ne waɗannan sun zo a kwali, sun zo da sa'a a cikinsu, dara kuwa ba ta da ƙuri'a ko kaɗan, wanda aka cinye ba shi da wanda zai zarga.

Abin tambaya shi ne, me ya sa al'ummar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana rubutu da ajami ba ta rubuta dokar wasanta ba? Amsar, a ganina, tana wurin masu alƙalamin. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda kusan duk ɗalibin zaure ya karanta, ta hana wasan nardu da shaɗaranji, ta ce ba laifi a yi wa mai yin su sallama amma an ƙi a zauna ana kallonsa. Ba a ambaci dara da suna ba, sai dai malamai da yawa sun yi mata ƙiyasi, musamman idan ta haɗu da caca ko ta sa aka makara salla. Ba a kashe ta ba, amma an bar ta a waje, wasan masu jiran la'asar, ba abin da malami zai ɓata tawada a kansa ba. Saboda haka abin da aka rubuta baƙi ne suka rubuta. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo kalmar, Charles Béart ya tattara wasannin Afirka ta Yamma a littafinsa da aka buga a Dakar a 1955, R. C. Bell kuma ya bayyana darar Dakarkari a littafinsa na 1960.  Ayo ta fi dacewa, domin ɗan gida, A. O. Odeleye, ya rubuta mata littafi guda da aka buga a Ibadan a 1977, ta kuma shiga jerin wasannin gargajiya da ake gasarsu a matakin ƙasa tare da dambe da kokawa da langa. 'Yar'uwarta oware har ta kai ga masana kwamfuta biyu a Amsterdam, John Romein da Henri Bal, sun warware ta a 2002 bayan bin diddigin yanayi sama da biliyan 889, suka tabbatar da cewa idan gwanaye biyu ba su yi kuskure ba, kunnen doki za a tashi.

Kada a ɗauka wasa ba ya mutuwa. A Borno an yi wani irin shaɗaranji na fada da ake kira tsatsarandi, wanda C. K. Meek ya ba da labarinsa a 1934. Yau sai a takarda ake samun sa. Dara ba ta kai wannan hali ba, amma abin da take bukata, watau ƙasa mai laushi da inuwa da lokaci, su ne suka fi tsada a Ikko. Inda aka shafe da siminti ba a haƙa gurbi, sai dai a zana da gawayi a kan kwali ko a huda katako, kuma katakon da aka huda da gurbi talatin ba zai taɓa zama 42 ba, ya riga ya yanke hukunci a kan ɗaya daga cikin gardamomin. A watan Mayu na 2022 gwamnatin Jihar Legas ta bai wa mazauna Alaba Rago wa'adin kwana 14 su tashi, a shekarun da suka biyo baya kuma aka rushe sassa na kasuwar. Asarar dukiya da matsuguni ita ce babba, ba mai haɗa ta da wasa. Amma majalisar da ta watse ba ta sake haɗuwa yadda take, dattijon da ya san dokar Dosso da ta Gobir da ta Zazzau a lokaci guda, don ya yi shekara talatin yana raba gardama a tsakaninsu, ya koma gida ko ya koma wata unguwa inda ba mai tambayarsa.

Yaran da aka haifa a Agege da Ojo kuwa, wanda duk ya so dara a cikinsu yana iya samun ta a waya, domin an yi mata manhajoji. Sai dai manhaja ba ta ciniki. Wanda ya tsara ta dole ya zaɓi doka ɗaya, kuma galibi daga littattafan Turai yake ɗauko ta, ta yadda jikan Bagobiri a Ikko zai koyi darar Zuru kamar yadda wani likita ɗan Ingila ya rubuta ta a 1960, in ya yi ƙoƙarin jera huɗu irin na kakansa ɗan ya ƙi motsawa.